Amsar da na ba ɗiyata a barikin soja

Mu malaman lakwal muna da wani ciwo da ba mu cika faɗi ba: ba ma son yaro ya yi mana tambaya mu ce ba mu sani ba. Shekara da shekaru a gaban tabulo sun koya mana cewa in ka yi shiru kaɗan, aji ya kuɓuce maka. Saboda haka da amsa ko babu, bakinmu buɗewa yake yi. Na fi shekara ashirin ina wannan aiki, amma amsa mafi muni da na taɓa ba yaro ba a cikin aji na ba da ita ba. A barikin soja na Damagaram na ba da ita, cikin watan Janairu na 2015, kuma ɗiyar cikina na ba, tana ƴar shekara tara.

Ni Kirista ne, Bahaushe, haifaffen wani ƙauye a jihar Maraɗi. Kakana ya je Danja neman maganin kuturta, ya dawo gida da sauran yatsunsa da kuma sabon addini, mu kuma muka tashi a cikinsa. A Nijar ba mu kai ɗaya cikin ɗari ba, don haka na san mafi yawan masu karanta wannan rubutu Musulmi ne. Ba tonon tsohon miki ya kawo ni ba. Abin da nake so mu duba tare, iyaye da malamai, shi ne abin da muke faɗa wa yara game da Allah a ranar da mu kanmu ƙafafunmu ke rawa.

Ga waɗanda suke ƙanana a lokacin, ga yadda abin ya taso. Ran 7 ga Janairu aka kai hari ofishin jaridar Charlie Hebdo a birnin Paris, aka kashe mutum 12. Ran 11 ga wata aka yi babban jerin gwano a can, shugabannin ƙasashe da dama suka halarta, har da shugabanmu na lokacin, Isufu Mahamadu. Ran 14 jaridar ta sake fitowa da zanen Annabin Musulunci a bangonta. Ranar Juma'a 16 ga wata, bayan an sauko daga masallaci, Damagaram ta kama da wuta. Aka ƙone cibiyar al'adun Faransa, aka bi majami'u da makarantun mishan da gidaje da shagunan Kirista. Washegari Asabar abin ya koma Yamai, inda ƴan sanda suka ce an ƙone majami'u 45. Mutum goma suka mutu a garuruwan biyu, gwamnati ta sa kwana uku na zaman makoki. Zanen nan ni ban taɓa ganinsa ba har yau, kuma da an tambaye ni da na ce rashin mutunci ne, don ni ma na san zafin a taɓa wa mutum abin da yake girmamawa. Amma ba wanda ya tambaye mu.

Gidan da muke haya yana kusa da majami'armu. Katanga ɗaya ta raba mu da wani Alhaji mai sayar da hatsi a kasuwar Dole, wanda muka shekara shida muna musayar naman layya da shinkafar Kirsimeti. Ranar, ko sallama bai tsaya yi ba, ya turo ƙofa da darduma a kafaɗa.

"Mushe, kwaso iyalinka ku shiga gidana yanzu. Kada ka tsaya ɗaukar komai."

Na tsaya na sa wa ƙofa kwaɗo. Har yanzu in na tuna ina yi wa kaina dariya. Hajiya ta shigar da matata da yara ƙuryar ɗakinta, ta ba matata da ɗiyata hijabi suka sa. Ni kuwa na kasa zama, na dawo zaure na manna ido a tsagar ƙofa. Alhaji yana tsaye a waje da carbi a hannu, duk wanda ya nufo sai ya ce masa nan gidansa ne, babu mai shiga. Na ga an fito da katifunmu da kujeru da kwalin littattafaina an tara a tsakiyar hanya an zuba fetur. Na ga mutum biyu sun ɗauki keken ɗinkin matata sun yi gaba da shi. Sai kuma na ga wani yaro ya fito daga ɗakina ya rungume rediyona a ƙirji, yana waige-waige. Ɗan ajina ne, na CM2, mai zama a layi na uku ta gefen taga. Da safiyar ranar na kira sunansa ya amsa.

Da yamma motar sojoji ta zo ta kwashe mu. A bariki mun fi mutum ɗari biyu, ga sanyin hunturu, ga tabarmi ba su isa ba. A dare na biyu, bayan labarin Yamai ya iso mu, ɗiyata ta matso kusa da ni cikin bargon da muke rabawa. Tun ranar Alhamis ana ta raɗe-raɗi a gari, don haka a daren nan na tara iyali mun yi addu'a mai tsawo, na roƙi Ubangiji da babbar murya ya tsare gidanmu.

"Baba," in ji ta, "ba mun roƙi Allah ya tsare mana gida ba?"

Na ce mun roƙa.

"To bai ji ba ne?"

Ban ko numfasa ba. Na ce, "Ya ji. Allah ba ya kuskure. Duk abin da ya yi alheri ne, gwada mu yake yi. Kwanta ki yi barci."

Ta ce, "To."

Kowane malami ya san irin wannan "to" ɗin. Ba na wanda ya gane ba ne. Na yaron da ya lura cewa an gaji da shi ne, ya tattara tambayarsa ya mayar ciki.

Kalmomin da na faɗa mata ba ƙarya ba ne, har yau ban janye cewa Allah ba ya kuskure ba. Matsalar ita ce a daren nan ni kaina ban yarda da su ba. Cikina cike yake da tsoro da haushi, kuma tambayar da ta yi ita ce take cin raina tun ina leƙe a zauren Alhaji. Na ɗauko maganar gaskiya na yi murfi da ita, don kada yarinya ta leƙa ta ga abin da ke cikin tukunya. Mu Hausawa mun ƙware a wannan, Musulminmu da Kiristanmu. "Sai haƙuri" magana ce mai kyau, amma sau nawa muke faɗinta don mu taya mutum ɗaukar kaya, sau nawa kuma don ya yi shiru ya bar mu mu huta?

Da aka sallame mu daga bariki, lahadin farko da muka koma wurin sujada babu rufi, babu benci ko ɗaya. Samari suka share toka suka kafa rumfar zana a jikin bangon da ya yi baƙi. Fasto ya buɗe littafin Daniyel, labarin samari uku da sarkin Babila ya ce su yi wa gunki sujada ko a jefa su cikin wuta. Na sha koyar da wannan labari ga yara ranar lahadi, kuma kullum sauri nake in kai ƙarshe, wurin da suka fito ko warin hayaƙi babu a jikinsu, yara su yi tafi. Shi kuwa ya daɗe a kan amsar da suka ba sarki tun kafin a taɓa su: sun shaida masa cewa Allahnsu yana da ikon ya cece su, suka kuma ƙara da cewa ko da bai cece su ba, gunkin dai ba za su durƙusa masa ba. Ya karanta har inda aka ɗaure su aka jefa, sai ya rufe littafin. Wata tsohuwa daga baya ta ɗaga murya ta ce, "Fasto, a cikin wutar za ka bar su?" Ya ce, "Mama, mu ma yau nan muka kawo. Sauran sai mako mai zuwa." Mutane suka yi dariya, karo na farko tun ranar Juma'ar nan, wasu suna dariyar suna share hawaye.

A kwanakin ne shugabannin ikilisiyoyi, na Katolika da na bishara, suka yi ta kira a yafe, kada kowa ya ɗauki fansa, kamar yadda malaman Musulunci da dama suka fito a talabijin suna kira a kwantar da hankali. Ni ma da aka ce a yafe na ce amin da ƙarfi. Ranar da aka koma lakwal ne na gane amin ɗin nan a leɓe ya tsaya.

Yaron yana nan a layi na uku. Ban doke shi ba, ban zage shi ba, ban kai ƙararsa wurin darekta ba, ban faɗa wa kowa abin da na gani ba, ko matata. Abin da na yi ya fi duka muni, kuma abokan aikina za su gane shi. A ajin da yara suka haura saba'in, ɓatar da yaro ɗaya ba wuya. In ya ɗaga hannu, idonka ya tsallake shi. In kana zagayawa kana duba allunansu, ka juya a layi na biyu. In kayensa ya zo hannunka, ka ja jan biro ka wuce, ba ka gyara kuskure ba, ba ka yaba daidai ba. Babu sufeton da zai kama ka da wannan, babu uban da zai zo ya yi ƙorafi. Cikin mako uku ya daina ɗaga hannu. Cikin wata biyu ya koma layin baya da kansa. Ni kuma kowace safiya ina tara iyalina ina karanta musu Littafi Mai Tsarki.

Matata ce ta fara faɗa mini gaskiya. Ita ce ta fi kowa asara, don keken ɗinkin nan shi ke ciyar da mu duk lokacin da albashi ya yi jinkiri. Ta samo aron wani tsohon keken hannu wurin ƙanwar Hajiya, ta shiga adashi da matan unguwa, waɗanda wataƙila ƴaƴan wasunsu suna cikin taron ranar. Tana ɗinki tana kuka, ta share ido ta zura zare. Wani dare bayan addu'a ta ce da ni, "Malam, kai fa ka daina addu'a. Karatu kawai kake yi mana kamar kana aji." Na ce mata ta bar ni, na gaji. Ta bar ni.

A lokacin iyalai da dama sun bar gari, musamman ƴan asalin Benin da Togo da Najeriya, kuma ban ga laifinsu ba. Ƙanena ya yi ta bugo waya yana cewa in nemi a mayar da ni Maraɗi. Na rubuta takardar neman canjin wurin aiki, na ninke ta na sa a aljihun jaka.

Da hutun Ista ya zo na tafi ƙauye ni kaɗai wurin mahaifina. Ya tsufa, ido ya fara rauni, na same shi a gindin bedi yana gyara ƙotar sungumi. Sai da muka gama gaisuwa da jajen abin da ya faru, muka ci tuwo, sannan na yi masa tambayar da ban taɓa yi masa ba, game da shekarar El-Buhari.

Matasa ba su san ta ba. Damanar 1984 ta ƙi, zamanin Seyni Kunce, kuma a shekarar ne gwamnatin soja ta Janar Buhari ta rufe iyakokin Najeriya, hanyar da mutanenmu suka saba bi su nemo abinci da ƙwadago, shi ya sa yunwar ta ɗauki sunansa. Ina ɗan shekara goma. Abin da muka girba bai kai mu ƙarshen hunturu ba. Muka koma dusa da ganyaye, sai ɗan abin agaji in ya iso. Amma akwai wasu zangarniyoyin gero da Baba ya zaɓa ya ɗaure ya rataye a rufin ɗakinsa, na iri, ya ce ko wa zai mutu ba za a taɓa su ba. Na tuna daren da Inna ta roƙe shi ya sauko da ko rabi ne a yi wa ƙanwata kunu, ƙyanda ta kama ta ga jiki babu ƙarfi. Ya sauko da kaɗan, ya bar sauran. Ƙanwata ta rasu da bazara, tana da shekara uku. Mako biyu bayan mun binne ta, ko girgije babu a sama, ya tashe ni da asuba muka tafi gona muka yi binne.

Ƴan birni, binne shi ne shuka a busasshiyar ƙasa tun ruwa bai sauka ba, don in ruwan fari ya zo ya tarar da iri a ƙasa, manomi ya ci gaba da kwanaki. Kasada ce. In yayyafi ya zo ya tsirar da shi sannan ruwa ya ɗauke, ya ƙone. In an daɗe ba ruwa, ɓeraye da tururuwa da tsuntsaye su tone. Mutum ya ɗauki abincin da ƴaƴansa ke kuka a kai, ya zuba a rami ya taka da diddige.

Na ce, "Baba, a shekarar nan ba ka yi fushi da Allah ba?"

Ya ɗago ya dube ni kamar na tambaye shi ko yana shan ruwa. "Na yi mana. Daren da muka rufe ƙanwarka gona na tafi. Na tsaya a tsakiyar fili na faɗa masa duk abin da ke bakina. Na ce ubana ya bar dangi saboda kai, an daina cin abinci da mu saboda kai, ga abin da ka saka mana da shi. Har muryata ta dushe."

Na ce, "Ba ka ji tsoron saɓo ba?"

"To wa zan kai wa ƙara? Mai gari ne ya hana ruwa? Wanda ke riƙe da abin shi ake yi wa kuka. Da na yi shiru ai da na nuna na fid da rai da shi ke nan."

"Me ya ce maka?"

"Bai ce komai ba. Gari ya waye na zo na ɗauki sungumi."

Ya ci gaba da fiƙe ƙotarsa. Can ya ƙara da cewa kada in ɗauka binne kullum yana fita. A rayuwarsa ya yi wanda ya ƙone ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba. Shi ya sa ba ya zuba iri duka, yana rage na sake shuka. Na 1985 dai ya fita, amma bai dawo masa da ɗiyarsa ba, kuma har ranar da muke maganar bai san dalilin da aka ɗauke ta ba.

A motar dawowa na yi ta tunanin Ayuba, wanda mu da ƴan uwanmu Musulmi duka muke buga misali da haƙurinsa. A namu littafin labarinsa sura 42 ne, kuma wanda ya zauna ya karanta zai yi mamaki, don mafi yawansa gardama ce da kuka. Mutumin ya la'anci ranar da aka haife shi, ya nemi Allah ya fito su yi shari'a. Abokansa uku da suka zo jaje sun fara da kyau, kwana bakwai suna zaune tare da shi a ƙasa ba wanda ya ce uffan. Da suka buɗe baki ne suka ɓata, kowanne da bayaninsa a shirye kan dalilin da ya sa abin ya same shi. A ƙarshe waɗannan masu kare Allah da bayani su ne Allah ya yi fushi da su, mai kukan kuma aka ce ya yi musu addu'a. Shi kansa Ayuba ba a taɓa faɗa masa dalilin wahalarsa ba. Na karanta wannan ba adadi, ban taɓa ganin kaina a ciki ba sai a kujerar bayan motar nan, tsakanin Tasawa da Takeita. Ashe a bariki abokin Ayuba na zame wa ɗiyata.

Na kuma gane abin da nake yi wa yaron nan. Tun ina ƙarami na ɗauka dogara ga Allah ita ce mutum ya tabbata abu zai yi kyau, ya kuma nuna fuskar da ba ta girgiza. Da abin bai yi kyau ba, sai na riƙe fuskar, na ɓoye ƙarar da nake da ita a kan Allah, ƙarar kuwa ta nemi inda za ta sauka ta samu ɗan shekara goma sha uku. Hukuncin da nake cewa na bar wa Ubangiji ranar lahadi, ni nake zartar da shi da jan biro daga Litinin zuwa Juma'a.

Da na iso gida na jira sai da dare, na kira ɗiyata muka zauna a bakin ƙofa. Na ce, "Kin tuna tambayar da kika yi mini a bariki? Amsar da na ba ki, na ba ki ne don ki yi barci. Gaskiyar ita ce ban san dalilin da ya sa Allah ya bari aka ƙone mana kaya ba. Ni ma na ji haushi, har yanzu ina ji. Amma ban daina kiransa ba, kuma ke ma in kina da magana da shi ki faɗa masa yadda take."

Ta daɗe tana wasa da bakin zanenta. Sannan ta ce, "Baba, ba saboda ni ba ne?"

Na ce saboda ke kamar yaya?

Ashe a daren Alhamis ɗin nan, da addu'ar ta yi tsawo, barci ya sace ta kafin a ce amin. Da na ce mata Allah gwada mu yake yi, sai ta fahimce shi yadda ɗiyar malami za ta fahimta: an yi jarrabawa, ita ce ta faɗi, shi ya sa aka ƙone gidan. Wata uku yarinya tana ɗauke da wannan ita kaɗai, tana cin abinci da mu, tana zuwa lakwal, kullum da dare tana mintsinin cinyarta don kada ta sake yin barci a wurin addu'a. Ni da nake taƙama ina gane yaron da bai fahimci darasi ba tun daga ƙofar aji, ban ga komai ba.

Iyaye, yaro ba ya barin rami a buɗe. In ba a ba shi dalili ba, ko aka ba shi guntun dalili aka rufe masa baki, da kansa zai cike sauran, kuma sau da yawa sunansa yake sakawa a wurin. Haka yaran da iyayensu suka rabu suke yi, haka wanda ƙanensa ya rasu bayan sun yi faɗa. A daren nan na riƙe ta muka yi kuka tare, sannan muka yi addu'a, gajera, ita ta fara. Abin da ta faɗa wa Allah tsakaninsu ne, amma Baba da ya ji da ya gane jikarsa.

Ranar Litinin da aka koma hutu na rubuta lissafin rabawa a tabulo, na juya na kira sunan yaron. Aji ya yi tsit, don ashe su ma sun lura, yara ba abin da ke wuce su. Ya taso daga layin baya jikinsa na rawa har alli ya faɗi daga hannunsa. Ya ɓata a mataki na biyu. Na tsaya kusa da shi muka sake bi tare har ya fita, na ce ya dawo wurinsa na da. Daga ranar na riƙa tsayar da shi da wasu huɗu bayan an tashi, muna maimaita abin da ya wuce su. Ba zan ce zuciyata ta yi fari a ranar ba. Makonni ina jin ɗaci duk lokacin da na sunkuya a kan kayensa, ina gyarawa ina faɗa wa Allah cewa ba na so. Ya samu shiga kwaleji da ƙyar. Abin da wata ukun nan suka rage masa yana wuyana. Maganar rediyo kuwa ba mu taɓa yin ta ba, yanzu magidanci ne, in mun haɗu a hanya yana sauka daga babur ya gaishe ni.

Takardar canjin wurin aiki ban kai ta ba. Ba jarumtaka ba ce, na yi ta cewa sai wata mai zuwa har shekara ta ƙare, matata kuma ta ce ita ba za ta bar adashinta a tsakiya ba. An sake gina majami'ar, an yi mata rufin kwano. Alhaji ya sha magana a kasuwa saboda abin da ya yi mana, da na je yi masa godiya ya ce in bar zancen, haƙƙin maƙwabtaka ne, kuma shi ma Allah zai tambaye shi.

Akwai wanda ban ambata ba tun farko, don nan ne abin bai warke ba. Babban ɗana yana da shekara goma sha huɗu a lokacin. Bai yi tambaya a bariki ba, bai yi kuka ba, ni kuma na ɗauka ƙarfin hali ne har ina yaba masa a gaban mutane. Shi ban zaunar da shi a bakin ƙofa ba, ban ga alamar yana bukata ba. Da ya gama lise ya tafi Yamai, ya daina zuwa sujada. A watan Yuni na 2019, da aka ƙone wata majami'a a Maraɗi, ya bugo mini waya cikin dare ya ce, "Baba, ka gani ko?" Na ji tsohon ciwon nan na malamai ya taso, amsoshi uku sun jeru a bakina. Na haɗiye su na ce, "Na gani." Muka yi shiru a waya har na ɗauka ta katse. Sannan ya ce shi abin da ya kasa mantawa shi ne yadda na tsaya ina sa wa ƙofa kwaɗo, wai tun ranar ya ga ni ma ban san abin da nake yi ba. Na ce masa gaskiyarsa.

Uwarsa tana kiran sunansa a addu'a kowane dare, wani lokaci da lallashi, wani lokaci kamar mai bin bashi. Ni kuma ina kiransa duk lahadi da yamma. Ba na tambayarsa ko ya je majami'a. Muna zancen aiki, da tsadar shinkafa, da kokawa. Baba ya rasu, ƙanena ke noma gonar yanzu. A lahadin da ta wuce ɗana ya tambaye ni ko Kawu ya yi binne bana, na ce ya yi tun makon jiya, ana jiran ruwa. Ya ce zai aiko da jikka goma a ajiye saboda iri, ko da za a sake shuka. Sai ya ce kuɗin wayarsa sun kusa ƙarewa, in gaida Mama.